Ladabin Fanka

Masu lodi ne suka laƙaba masa Sha'iri. Tsokana suka nufa, amma ya karɓi sunan hannu bibbiyu kamar an rataya masa lambar yabo. Tuƙi ne aikinsa. Kullum da hantsi zai jawo a-kori-kurar gidan ƙyanƙyasa, fara sol mai kujerun baya, a jera masa kwalayen 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya, ya bi gonaki yana sauke wa masu kiwo. Ba a sa su a bayan mota, domin kafin a sha kwanar farko rana ta dafa su. A ciki suke zama tare da shi, cikin sanyin esi, kamar manyan baƙi, suna ciyau-ciyau ta 'yan hujojin kwali, shi kuwa yana karanta musu baitocin da ya tsara. Ba su taɓa kushe masa ko ɗaya ba.

Motar sabuwa ce, esinta kuma mai ra'ayin kansa ne. Lamba kawai ake ɗora masa, ashirin da uku, a danna wani ɗan maɓalli mai koren haske, shi ke nan an sallama masa ragama. In gari da sanyi-sanyi sai ya yi ta lumfashi a hankali. In rana ta take, fanka ta tashi haiƙan, tana huri har takardun kai kaya su nemi tashi sama.

Wayoyin Sha'iri biyu ne. Akwai ta aiki, 'yar ƙarama mai maɓallai, tana aljihun gaba. Ta nan Manaja ke yi masa faɗa, ta nan masu kiwo ke tambayar ina ya tsaya, kuma sai ya gangara gefen titi yake ɗagawa. Akwai kuma tasa ta kansa, wadda ya haɗa da motar, in an kira sai magana ta fito ta lasifika, ya danna maɓalli a jikin sitiyari ya amsa hannuwansa na kan tuƙi. Mutum biyu ne kawai ke da wannan lamba. Ɗaya mahaifiyarsa, wadda ta rantse ba za ta taɓa kiran ɗanta yana kan hanya ba. Ɗayar kuwa Nas.

Nas tana aiki a ɗakin bakwaini, inda ake sa jarirai a kwalba. A teburin mai sayar da littattafai na ƙofar asibiti suka haɗu. Ita biro ta zo saya, shi kuma ya ba ta shawarar littattafai huɗu ba tare da ta tambaye shi ba. Ba doguwa ba ce, ba mai yawan magana ba, tana da agogo a maƙale a ƙirjin riga da wani irin kallo na wadda ta saba auna abu kafin ta yarda da shi. Sha'iri ya koma gida ranar yana jin kamar an buɗe masa taga a haƙarƙari.

Ran da ta fara kiransa yana tuƙi, rana tsaka ce, fanka na aikinta kamar guguwa. Ya danna maɓallin sitiyari. Kafin ma ta gama sallama, sai iskar nan ta lafa. Ba tsayawa ta yi ba, sunkuyawa ta yi, a hankali, da ladabi, har ta koma ɗan huci kamar na jariri mai barci. Muryar Nas ta cika motar tsaf, babu abin da ya tare ta.

Tsigar jikinsa ta tashi.

"Kin ji?" ya ce.

"Me zan ji?"

"Shirun. Wallahi motar nan ta riƙe numfashinta saboda ke."

Ta yi dariya, 'yar gajera, irin wadda ke kuɓucewa mutum bai shirya ba. Da ta kashe, fanka ta miƙe ta ci gaba da huri kamar an ce sarauniya ta fita, kowa ya koma aikinsa. Sha'iri ya gangara gefen titi ya share ido.

Kada a ce mutum ne marar bincike. Ya bincika. Duk ranar da ta kira sai ya ja layi a bayan littafin baitocinsa, kuma duk ranar da ya ja layi fanka ta sunkuya. Layi ashirin da bakwai, babu fashi ko ɗaya. Abin da bai taɓa faɗo masa a rai ba shi ne ya ba wani ƙato lambar ya ce kira ni mu gani. A littattafan da ya karanta, kuma ya karanta da yawa, har aljihun ƙofar motar ya ƙi rufuwa saboda su, teku kan lafa saboda masoyiya, tsuntsaye kan yi shiru, wata kan ɓuya don kunya. Me zai hana fanka? Littafi ɗaya ne a motar bai taɓa buɗewa ba, wanda ya zo da ita, mai kauri, yana durowar gaba cikin ledarsa. Ya taɓa juya shi sau ɗaya ya mayar. Littafin da babu wanda ya mutu a cikinsa saboda so, me mutum zai tsinta a ciki?

Sai ranar baiti goma sha biyu ta zo.

Ya gama waƙar da ya sa wa suna da sunan shirun nan, ta kira, shi kuma yana cikin cunkoso a kan gada, rana ta dako gilashi. Ya karanta mata duka goma sha biyun. Ya koma ya sake na bakwai, domin a ganinsa bai fito da shi yadda ya kamata ba. Ya yi mata sharhin abin da yake nufi da kowanne. Minti arba'in suka yi, fanka na durƙushe, gumi na bin bayansa, shi kuwa ya ɗauka zafin shauƙi ne. 'Yan tsaki suka yi ta tsala kuka, ya ce mata, "Kin ji, har su sun motsu."

Da ya isa gonar ya tarar da 'yan tsaki goma sha ɗaya a kwance, sun miƙe ƙafa. Manaja ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Sha'iri ya ce ƙyanƙyasar ranar ce ba ta yi ƙwari ba, kuma har cikin zuciyarsa haka ya yarda. Da yamma ya ba Nas labari, yana neman a lallashe shi. Ta saurare shi har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ƙarfe nawa abin ya faru?" Ya gaya mata. Ta ce, "Uhm."

Daga ranar kiranta ya canja. In ta kira da rana, bai fi ta ce, "Ka ci abinci? Kana lafiya? To, sai anjima," ta katse ba. Wani lokaci yana tsakiyar jan numfashin fara baiti zai ji layi ya mutu, fanka ta taso masa a fuska kamar mai dariya. Da yamma in yana gida takan saurare shi har ya gaji, amma wannan bai kwantar masa da hankali ba. Ai da rana ne mu'ujizar take. Wadda ke gudun mu'ujizarta, me ya rage?

Ya zargi baiti na bakwai, ya sake shi sau huɗu. Daga baya ya zargi wani likita. Bai san ko akwai shi ba, amma ya gan shi sarai a ransa: dogo, mai tabarau, mai motar da ba ta warin 'yan tsaki.

Tsoron likitan nan ne ya sa ya yi ta maza ya tambaye ta aure. Ta duba agogon ƙirjinta kamar amsar na rubuce a jiki, ta ce, "Sai Gwaggo ta gan ka." Gwaggo ce ta raine ta tun tana goye. Gwaggo kuma ta aiko cewa ita ba ta gane mutum a zaune a falo yana sunne kai, kowa ya iya wannan. Ranar Asabar za ta je asibiti a duba mata ido, kuma dama ta yi odar 'yan tsaki kwali biyu daga gidan ƙyanƙyasar. Ya ɗauko su, ya biyo ya ɗauke ta da Auta, kamar yadda take kiran Nas, ya kai su gida. A hanya za ta ga abin da za ta gani.

Sha'iri ya fahimci cewa rayuwarsa duka ta rataya a kan tafiyar minti talatin. Ya kuma san abin da zai yi. Zai nuna wa tsohuwa abin da babu likitan da ke da shi.

Ranar Asabar ya wanke motar har tayoyi, ya kwashe littattafan ƙofa ya tura ƙarƙashin kujera, ya sa rigar da ya fi so. Sannan ya ciro wayar aiki ya kashe ta ɗif, don kada wani mai kiwo ya ɓata masa rana da zancen zawon kaji.

Gwaggo ta fito daga asibiti da auduga manne a ido ɗaya, katin asibiti a hannu. Da idon da ya rage ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi.

"Kai ne mai waƙar?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Ina wuni, Gwaggo? Ya jiki?"

"Jiki ga shi nan. Na ɗauka za ka fi haka tsawo, yadda ake ba ni labarin dogon zancenka. Kama ni in hau, wannan mota taku sai ka ce raƙumi."

Ya zaunar da ita a gaba. Nas ta shiga baya ta zauna kusa da kwalaye, ta ɗora tafin hannu a kan na sama, kamar yadda take taɓa kwalbar jarirai in ta shiga aiki. Ya tayar da mota. Fanka ta ɗauka da ƙarfinta, domin ƙarfe biyu ta wuce kuma kwalta har wani rawa take yi.

Ya yi tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Gwaggo ta tambayi iyayensa, ta tambayi ƙannensa nawa, ta tambayi ko waƙar tana hana shi cin abinci ko abincin ne ke hana shi waƙa. Ya amsa da ladabi. Da suka hau gada cunkoso ya riƙe su, daidai wurin da ya taɓa karanta baiti goma sha biyu. Ya ɗauki hakan a matsayin ishara.

"Gwaggo," ya ce, "akwai abin da nake so ku gani da idonku."

"Da idona dai. Ɗaya ne ke aiki yau."

"Motar nan ta san 'yarku. In ta kira ni, iskar nan da kuke ji sai ta sunkuya. Ita kaɗai take yi wa haka."

"Don Allah ka bari," in ji Nas daga baya, ƙasa-ƙasa. "Ba yanzu ba."

"A'a, Auta, bar shi. Ni da na biya kuɗin ganin likita ban ga komai ba, ga abin kallo kyauta. Kira shi mu ga ikon Allah."

Nas ta kalli ƙeyarsa, ta kalli kwalaye, ta ciro waya kamar wadda aka sa ta yi wa wani allurar da ba ta so. Motar ta yi ƙara. Ya danna sitiyari. Sai ga fanka ta yi ƙasa, a hankali, da wannan ladabin nata, har ta koma huci.

"Salamu alaikum," in ji Nas, muryarta ta fito sau biyu, ɗaya daga baya, ɗaya daga lasifika.

Gwaggo ta kara hannu a bakin iska. Ta cire. Ta sake karawa.

"Ikon Allah," ta ce.

Sha'iri ya gyara zama. Ya buɗe baki zai ɗauko baiti na farko, Nas ta katse. Fanka ta miƙe.

"Kun gani, Gwaggo? Sau ashirin da takwas ke nan da wannan. Ƙarfe ne fa da roba, amma ya gane abin da..."

Motar ta sake yin ƙara.

Baƙuwar lamba ce a allo. Hannunsa ya riga tunaninsa, domin wata biyu ke nan duk sanda ƙarar nan ta tashi babban yatsansa ya san inda zai je. Ya danna.

Fanka ta sunkuya. A hankali. Da ladabi. Ba ta rage ko ƙwayar zarra daga girmamawar da ta saba ba.

"Kai Sha'iri!" Muryar Manaja ta fashe a motar kamar an jefo bokiti. "Gidan uwar wa ka jefa wayar aiki? Tun ɗazu nake nema, sai da na sa aka tono min fayil ɗinka kafin na samo wannan lambar! Buhunan kashin kajin nan da na ce a kwashe daga bayan shago na uku, wa kake jira ya kwashe, ni? Wari ya hana kowa sakat! Ga kwalayen da ka dawo da su jiya a jiƙe!"

Sha'iri bai ji rabin maganar ba. Idonsa na kan bakin iskar. Yana jira ta tashi, ta yi huri, ta nuna wa mutumin nan matsayinsa. Ta ci gaba da hucinta na jariri mai barci, tana sauraron zancen kashin kaji kamar ana karanta mata baiti na bakwai.

"Kana ji na kuwa? Ko kana can kana yi wa surukai waƙa a motar kamfani?"

"Surukan na jin ka, ɗan nan," in ji Gwaggo.

Nan take muryar Manaja ta sauya.

"Au! Mama, ashe kuna ciki? Ina wuni, Mama? Ya gida? Ya yara? Ya ƙarfin jiki? An ce ido ne, Allah Ya sawwaƙe, Allah Ya ƙara sauƙi. Ai ku manyanmu ne. Kun ga kayan? Na hannun dama na zaɓar muku da kaina. To, Mama, in kun isa kada a ba su abinci tukuna, a fara da ruwa, a ɗan sa musu sukari kaɗan. Kuna da fitila a ɗakin? Wace iri? A'a, ba wannan ba, bari in gaya muku wadda ta fi..."

Gwaggo kuwa ba ta ƙi hira ba. Ta ba shi labarin fitilarta, da wadda ta fashe bara, da maƙwabcin da ya ara bai dawo da ita ba. Motoci a tsaye cak. Rana ta dafe gilashi. Sanyin da ke motar ya fara janyewa kamar ruwa a rairayi. Gwaggo ta soma fifita da katin asibiti ba tare da ta bar zancen fitila ba. A baya kukan 'yan tsaki ya sauya, ya bar ciyau-ciyau na hira ya koma wani siririn ihu marar yankewa.

Sha'iri ya san kukan nan. Ya taɓa jin sa sau ɗaya, a kan gadar nan, ya ce sun motsu ne.

Sai yanzu ya gane abin da ya kashe goma sha ɗayan nan. Ba ya iya katse Manaja, ba ya iya katse Gwaggo. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan rigar da ya fi so.

Sai hannun Nas ya ratso ta tsakanin kujeru. Ba ta laluba ba, ba ta tambaya ba. Kai tsaye ta kama ɗan marfin da ake ƙara ƙarfin fanka da shi ta murɗa shi har ƙarshe. Koren hasken nan ya mutu. Iska ta ɓarke kamar an buɗe ƙofar hadari.

"Mama? Mama! Me ke huri haka? Ba na jin ku! Sha'iri, rufe gilashi mana! Kai, sai na sake kira."

Layi ya mutu. Nas ta buɗe murfin kwalin sama, ta karkata shi wajen iska, tana shafa 'yan kawunan da yatsa ɗaya.

Suka sauka daga gada. Gwaggo ce ta fara magana, tana gyara audugar idonta.

"To, ni dai ban san kan soyayyar zamani ba. Amma a ɗan ganin da na yi da ido ɗaya, motar nan da Auta da mai kashin kaji duk ɗaya ta ɗauke su." Ta ɗan yi tunani. "Har ma kamar ta fi daɗewa a durƙushe a gabansa."

"Gwaggo," in ji Nas.

"Me na ce? Ɗan nan, in mun isa ka ba ni lambar nan. Ni ma in riƙa kira ana girmama ni."

A ƙofar gida ya sauke kwalayen ya kai su ɗakin kiwo, ba ya iya ɗaga ido. Gwaggo ta ja kujera ta zauna tana fito da 'yan tsaki ɗaya-ɗaya tana duba su. Shi ya koma wajen mota ya tsaya yana goge madubin da ba shi da datti. Nas ta biyo shi da kofin ruwa.

"Tun yaushe kika sani?" ya ce, bai juyo ba.

"Tun ranar goma sha ɗayan nan. Washegari na tambayi direban motar asibitinmu. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce irin motocin nan haka aka yi su, in kira ya shiga sai fanka ta sassauta don kada iska ta cika makirfo wanda ke can ya kasa ji. Ko wa ya kira. Ya ce in mutum na son iskarsa sai ya murɗa da hannu."

"Ko wa ya kira," ya maimaita.

"Ko wa."

"Me ya hana ki gaya min?"

"Sau uku ina ɗauko maganar. Duk sanda na buɗe baki sai ka ce in tsaya in ji gyaran da ka yi wa na bakwai." Ta miƙa masa kofin. "Kuma kai ba ka jin muryarka in kana cewa kin ji shirun. Ni ina ji. Na kasa. Sai na ga abin da zan iya shi ne in rage surutu da rana. Ina yini da jariran da ba su fi tafin hannunka ba, na san abin da minti goma na zafi ke yi wa ƙaramin abu. Ga ka kai ma, a jiƙe kamar an tsamo ka."

Ya juyo ya kalle ta. Duk kiran nan na daƙiƙa ashirin suka dawo masa a jere, ka ci abinci, kana lafiya, sai anjima, waɗanda ya yi ta ajiyewa a matsayin shaidar an daina son sa.

"Ni na ɗauka wani likita ne," ya ce.

"Wane likita?"

"Ban sani ba. Dogo. Mai tabarau."

"Har tabarau ka saya masa?"

Ya so ya yi dariya, ya so ya yi kuka, sai ya shanye ruwan.

"Ɗari biyu cif, babu wanda ya kwanta!" Gwaggo ta ɗaga murya daga ciki. "Auta, gaya masa ya iya taka birki, ko sau ɗaya ban dungura ba. Hannun na da kyau. Kan ne dai ban ce komai ba, tunda ba ni zan zauna da shi ba."

Nas ta karɓi kofinta. "Zan kira ka jibi," ta ce, ta shige.

Jibi! Ba ta ce da me za ta kira ba. Kuma me ya rage masa da zai sa a ce to? Ya zo da mu'ujiza ɗaya tak, ita ma an raba ta da Manaja.

Da ya mayar da motar, bayan ya kwashe buhunan bayan shago na uku, ya zauna a ciki ya jawo durowar gaba. Ya yage ledar. Masu lodi suka leƙo suka ga Sha'iri da littafi mai hoton injin, suka tambayi ko lafiya. Ya daɗe yana juya shafuka kafin ya samo wurin. Layi biyu da rabi ne, babu ƙafiya, babu shauƙi, ƙarƙashin zanen wani ɗan maɓalli. Duk abin da ya gina wata biyu yana nan a rubuce tun kafin ya san akwai wata Nas a duniya. Ashe ma an mutu a littafin, goma sha ɗaya, sunansu ne kawai ba a sa ba.

Ranar Litinin ya ɗauki kwali huɗu. Sha biyu ta wuce, ɗaya ta wuce. Ya kai wa gona ta farko, ya manta bai karɓi sa hannu ba sai da ya koma. Ƙarfe biyu saura yana kan doguwar hanya, rana na zuba, motar ta yi ƙara.

Wannan karon ya shirya. Yau za ta ga mutumin da ya yi karatu. Ya danna sitiyari, kafin fanka ta kai ga sunkuyawa ya cafke marfin ya murɗa har ƙarshe. Iska ta ɓarke. Yanzu ta yi magana har la'asar in ta ga dama, babu ɗan tsakon da zai ji a jikinsa.

"Ina jin ki!" ya ɗaga murya. "Na gyara! Faɗi duk abin da za ki faɗa!"

Ta ce wani abu. Iska ta kwashe.

"Na'am?"

"Ba na jin ka!" Muryarta ta iso a yayyage. "Me ke huri haka? Kana cikin jirgi ne?"

Ya kalli marfin. Ya kalli ɗan maɓallin da haskensa ya mutu. Ya sauke numfashi, ya miƙa yatsa ya danna shi.

Koren haske ya dawo. Fanka ta yi ƙasa, a hankali, da ladabin nan nata da take yi wa kowa, har motar ta yi tsit.

"Yanzu fa?" ya ce.

"Yanzu ina ji. Cewa na yi na yarda."

Ya buɗe baki. Baitoci goma sha biyu suka taso gaba ɗaya suka cushe a maƙogwaronsa, na bakwai a gaba.

"Kwali nawa ne a bayanka?" ta ce.

"Uku."

"To kashe."

Ya kashe. Allo ya nuna daƙiƙa talatin da ɗaya, rabinsu kuma ihu ne. Ya riƙe sitiyari yana jira, har fanka ta miƙe ta soma huri, sannan ya waiwaya ya gaya wa 'yan tsaki ɗari uku. Suka ci gaba da ciyau-ciyau ɗinsu. Kwanansu ɗaya a duniya, kuma iska na isa gare su.